Babi Uku na Ƙarshe

Saura minti goma a buga ƙararrawa na rufe littafin a shafi na ɗari biyu da goma sha ɗaya, na kaɗe ƙurar allin da ke hannuna, na faɗi maganar da nake faɗa duk shekara a daidai wannan shafin.

"To, jama'a, nan lokaci ya kawo mu. Sauran babi ukun kowa ya je ya karanta da kansa."

Yara sittin da huɗu ne a ɗakin da aka gina don arba'in, fanka ɗaya ke juyawa, ita ma da ƙara kamar mai neman a sallame ta. Kusan rabinsu ko kai ba su ɗago ba, don sun san inda za su haɗu da babi ukun: a gareji, wurin lesin kuɗi, ƙarfe huɗu na yamma. Sauran rabin ne suka zuba mini ido.

Wata yarinya a benci na biyu ta ɗaga hannu. Ƴan ajin Tambaya suke ce mata, saboda ba a taɓa rufe darasi wannan hannun bai tashi ba. Ubanta faci yake yi a bakin titi.

"Malam, ai saura wata uku jarrabawar shiga jami'a. Ko babi ɗaya ba za mu iya yi ba?"

"Akwai bita," na ce. "Sai mun koma farko mun yi bita. Ko so kike ki manta na baya?"

Ta sauke hannun a hankali. Ba ta yarda ba, ni ma na san ba ta yarda ba.

Wadda ke zaune kusa da ita kuwa tana ta jan layi da rula a gefen takarda, ko kallona ba ta yi ba. Ɗiyata ce ta fari. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka a gida Uwata nake ce mata. A aji "ke" ce kamar kowa, ni ma Malam take ce mini. Harhaɗa magunguna take son karantawa, kuma jami'ar da ta zaɓa ba ta kallon wanda makinsa bai kai ɗari biyu da hamsin ba. Na dube ta ban ji komai a raina ba. Ita ai a gida ɗaya take kwana da babi ukun.

* * *

Shekara goma sha tara ke nan ina koyar da kemistiri. A shekaru shida na farko, littafin nan daga bango zuwa bango nake kai shi, har ina ƙara wa yara sa'a guda ranar Asabar kyauta. Abin da na samu a ciki shi ne takardar yabo ɗaya da ciwon maƙogwaro.

Malamin lissafi ne ya buɗe mini ido. Yara suna ce masa Kwana Casa'in, don yana tafiya a miƙe kamar wanda ya haɗiyi taɓarya. Wata rana a ɗakin malamai ya tarar ina ɗinke tafin takalmina da zaren buhu, ya tsaya a kaina ya daɗe yana kallo.

"Kai wahalar da kanka kake yi," ya ce. "Kana sayar da ruwa a bakin kogi. Ka ba su komai da safe, to da yamma me za su zo nema wurinka? Fuskarka?"

"Haƙƙinsu ne ai."

"Naka haƙƙin fa? Albashin da ba ya ganin goma ga wata? Ba cewa na yi ka ƙi koyarwa ba. Ka koyar, ka koyar da kyau, har su san kana da zuma. Amma ka tsaya a inda ya kamata."

Inda ya kamata, a darasina, shi ne babi na goma sha takwas zuwa na ashirin, masu bayani a kan kabon da danginsa. Kusan kashi ɗaya bisa huɗu na tambayoyin kemistiri daga nan suke fitowa, kuma ba abu ne da yaro zai zauna shi kaɗai ya gane ba, sai an zana masa, an goge, an sake zanawa. Shi Kwana Casa'in yana da nasa babin da yake riƙewa, malamin fiziks ma haka. Mu uku muka kama hayar wani gareji a bayan makaranta, muka zuba benci takwas da allo. Shugaban makaranta ya sani. Ɗansa ma a garejin ya yi.

Shekarar farko na kasa haɗa ido da yaran da ba sa zuwa lesin. Shekara ta biyu na iya. Yanzu kam hannuna da kansa yake rufe littafin, kamar yadda ƙafa take gane hanyar gida. Rijiya ta bayar, guga ya hana, na sani, ba sai an gaya mini ba. Amma gugan nan da shi na sayi babur, da shi na raba yarana da ɗaki mai yoyo, kuma da shi nake shirin biya wa Uwata jami'a.

Ran da na rufe littafin, da na koma gida na tarar da ita a tsakar gida tana wanke wa ƙannenta kayan makaranta.

"Uwata, ke kada ki damu da abin da na faɗa a aji. Naki na musamman ne. Ranar Asabar da safe za mu fara, ni da ke, ba hayaniya ba cunkoso."

Ta yi murmushi har kumatunta suka lotsa. "To Baba. In sayi sabon littafin rubutu?"

"Sayi mai kauri."

Mamansu tana kan keken ɗinkinta a baranda, ba ta daina takawa ba ta ce, "Ka dai tafi da ita garejin ku huta. Na san Asabar ɗinka."

"Garejin da ake zama mutum shida a benci? Ɗiyata ba za ta sha warin man inji ba ubanta yana raye."

Har ga Allah da gaske nake. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai yanzu.

* * *

Ranar Alhamis ɗin makon ne wani da ake ce wa Injiniya ya kira ni. Ɗan kwangila ne, wani uba ya ba shi lambata. Ɗansa ya rubuta jarrabawar bara ya faɗi, kuma bana, in ji shi, ko ana ha maza ha mata sai yaron ya shiga jami'a. Ba ya son gareji, a gida yake so, mutum ɗaya da malami ɗaya. Abin da ya ambata zai riƙa ba ni ya fi albashina.

"Alhamis da Juma'a da yamma," na ce.

"Da Asabar da Lahadi, Malam. Da safe, lokacin ƙwaƙwalwa tana sabuwa."

Na buɗe baki zan ce Asabar tana da mai ita, sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya kai mu."

Gidan Injiniya akwai wani ɗan falo kusa da ƙofar baya, nan ake ajiye ni. Sanyin na'ura har cikin ƙashi, kujera mai laushi, ga ruwa a kofin gilashi an rufe da faranti. Ƙarfe tara ake cewa in zo, yaron kuma ba ya fitowa sai goma ta wuce, ido a kumbure, waya a hannu. Ba mugun yaro ba ne. Ya dai saba ne komai a tauna a ba shi. Na zana masa sarƙar kabon sau ɗaya, sau biyar, sau goma sha biyu. Idan ya yi hamma in yi masa wasa, idan ya manta in ce laifina ne ban yi bayani da kyau ba. Haƙurin da ban taɓa yi da ɗan kowa ba na yi shi a falon nan, don haƙuri ma ashe yana da farashi.

Ina fita daga nan sai gidan wata mai kantin magani da ta ji labari ta ce ita ma a taimaka wa tagwayenta. Litinin zuwa Laraba gareji. Kafin wata ya ƙare na zama kamar ɗan haya, ba inda babur ɗina bai sani ba sai ƙofar gidana.

Duk Asabar idan na fito da safe, ina tarar da Uwata ta share baranda, ta ajiye ƙaramin tebur da kujera biyu, ga littafin karatu, ga sabon littafin rubutu mai shuɗin bango.

"Uwata, yau an ɗan samu matsala. Da yamma in sha Allah."

"To Baba."

Da yamma in dawo murya ta dushe, bayana kamar an daka, in ce gobe. Gobe ta zama Asabar mai zuwa. Ba ta taɓa ɓata fuska ba. Da ta yi mini rashin kunya ko sau ɗaya ne, wataƙila da na farka.

Mamansu ce ba ta iya shiru ba. Wata Asabar ina ɗaura hular kwano ta tsayar da keke, ta cire allurar da ke bakinta.

"Malamin duniya, baƙon gida. Yau ma?"

"Don su nake yi ai. Kuɗin jami'ar daga sama zai faɗo?"

"Jami'ar da sai an ci jarrabawa ake shiga? Gida bai ƙoshi ba ba a kai wa dawa, Malam. Yarinyar nan jiya tun azahar take fama da shafi ɗaya, har kanta ya yi ciwo."

"Babi uku ne kawai. Uwata ce fa. Kwana huɗu sun ishe mu."

"To Allah ya kawo kwana huɗun."

Ta ci gaba da taka kekenta da ƙarfin da ɗinkin bai buƙata ba.

* * *

Saura mako biyu jarrabawa na ga abin ya zo wuya, na ce ta biyo ni gareji. Na ɗauke ta a bayan babur, ta rungume littattafanta a ƙirji.

Garejin ya cika maƙil, zafi da warin tsohon man inji sun haɗu. Kwana Casa'in yana fitowa daga darasinsa ya gan ta, ya washe baki.

"A'a! Yau manya ne a garejinmu. Ku matsa mata, ku matsa. Wannan ba koyo ta zo yi ba, duba ku ta zo yi. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Yara suka yi dariya, suka ba ta wuri a benci na gaba. Mun riga mun kai tsakiyar babi na ashirin. Na zana wani sinadari a allo na ce wa zai faɗi sunansa. Abu ne da duk wanda ya yi babi na goma sha takwas zai amsa yana barci. Ba wanda ya ɗaga hannu, duk suka juya suna kallonta, suna jiran ɗiyar Malam ta nuna musu yadda ake yi. Na ga ta ƙura wa allon ido, leɓenta yana motsi. Na yi sauri na kira wani yaro daga baya.

A hanyar komawa, da muka tsaya a wutar kan hanya, sai na ji muryarta daga bayana.

"Baba, kada ka sake kawo ni."

"Me ya sa? Yau ne kawai kika ji baƙunta."

"Suna zaton na iya. A aji ma kullum cewa suke in ba su abin da kake koya mini a gida." Sannan ta ƙara da cewa, "Na so in ari littafin wata ƴar gareji in kwafa, sai na fasa. Idan suka gane ban iya ba, kai za su riƙa yi da shi."

Wuta ta ba da hannu, na baya suka hau yi mini oda. Na ja babur. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma a take na rantse a raina ranar Juma'a ba inda za ni.

Na cika rabin rantsuwar. Sai Juma'ar ƙarshe, saura kwana uku jarrabawa, na kashe waya, na dawo gida tun kafin la'asar. Ta fito da tebur da gudu. Na zauna, na buɗe shafi na ɗari biyu da goma sha biyu.

"Rubuta kwanan wata," na ce.

Ta ɗauki fensir ta rubuta. Na jingina da bango don in ɗan miƙe bayana, na ce ta ba ni minti biyar.

Kiran sallar magariba ne ya tashe ni. An sa mini matashi a bayan wuya, an juyo da ƙaramar fanka tana hura ni. Tebur yana nan, kujerarta babu kowa. Daga ɗaki ina jin muryarta ƙasa-ƙasa tana hana ƙannenta surutu: "Ku yi a hankali, Baba ya gaji."

Washegari Injiniya ya aiko direba tun da sassafe, wai bitar ƙarshe, yaron ya rikice yana kuka. Na shiga motar.

* * *

Sakamakon ta waya yake zuwa. Ranar da ya fito ina gareji da hantsi muna lissafin inda za a rataya sabon allon talla, sai ga kiran Injiniya, muryarsa har tana fasa kunne.

"Malam! Ɗari biyu da sittin da biyu! Kemistiri tamanin! Kai ba malami ba ne, likita ne. Yanzu direba zai kawo maka saƙo."

Kwana Casa'in ya buga mini kafaɗa. "Ka karɓo mana hoton yaron, shi za mu sa a tsakiya. Ina sakamakon ƴar barewarmu?"

Sai a lokacin na lura ba a kira ni daga gida ba.

Na tarar da keken ɗinki a rufe da zane, abin da ba na gani sai ranar da wani ba shi da lafiya. Mamansu tana zaune a bakin ƙofar ɗaki. Ba ta yi mini sannu da zuwa ba, ta miƙo mini wayar kawai.

Darasi uku na farko kowanne ya haura sittin, bayoloji har saba'in da biyar. Kemistiri arba'in da ɗaya. Jimla ɗari biyu da arba'in da shida.

Na karanta ya fi sau biyar. Na san takardar nan kamar tafin hannuna. Maki huɗun da ta rasa tambaya biyu ce. Sunan sinadari irin wanda na zana a allon gareji, irin wanda na maimaita wa ɗan Injiniya sau goma sha biyu yana hamma. Rabin sa'a a kan teburin baranda ya isa ya kawo su.

"Ina take?"

"Tana ciki." Mamansu ta dube ni, idonta a bushe. Na shirya wa faɗa, na ma so ta yi. Sai kawai ta tashi ta shige kicin.

Uwata tana zaune a bakin gado tana ninke kayan makarantar da ta gama da su. Ta yi kuka ta gama, fuskar ta nuna. Da ta gan ni ta zame ƙasa ta gaishe ni kamar kullum.

"Uwata..."

"Ba komai Baba. Haka Allah ya so."

"Baɗi za ki sake. Wallahi wannan karon tun daga farkon shekara, ni da ke, duk Asabar..."

"Baba." Ba ta taɓa katse ni ba sai ranar. Muryarta babu fushi ko kaɗan. "Idan zan sake, ina so a rubuta sunana a gareji, a biya mini kamar kowa. Mama ta ce za ta riƙa bayarwa daga kuɗin ɗinki."

"Ki biya? Ni za ki biya?"

"Waɗanda suka biya ba a ɗaga musu darasi."

Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin abin da ta lura da shi a ɗakin gwaji. Na nemi bakin gado na zauna.

"Ƙawarki fa?" na ce, don dai in ce wani abu. "Mai yawan tambayar nan."

"Ɗari biyu da talatin da takwas. Ita ba za ta sake ba. Babanta ya ce kuɗin rajistar ma da ƙyar ya haɗa, za ta je ta riƙa taya yayarta a shago." Ta ɗora riga a kan riga, ta daidaita gefen. "Na yi mata alkawari duk abin da ka koya mini ranar Asabar, zan koya mata ranar Litinin. Kullum sai ta tambaye ni ko mun fara."

"Me kike ce mata?"

"Ina ce mata kana shirya mana ne."

Aka yi sallama a waje. Direban Injiniya ne, da kwali mai ɗauke da agogon bango da yadi biyar, da ambulan a sama. Uwata ce ta je ta karɓa, na ji tana yi masa godiya, tana cewa a gaida mutanen gida.

Ni kuwa ina zaune inda ta bar ni. A kan ƴar durowarta ga littafin karatun, na jawo shi. Daga shafi na ɗari biyu da goma sha biyu, gefen kowane shafi cike yake da ƙananan alamun tambaya da fensir, duk inda ta karanta ba ta gane ba ta sa ɗaya ta ajiye mini. A ƙarƙashinsa littafin rubutu ne mai shuɗin bango, mai kauri, kamar yadda na ce ta saya. Ta ja layi da rula a gefen kowane shafi har bangon ƙarshe. A shafin farko ta rubuta Babi na Goma Sha Takwas da biro, ta ja masa layi biyu. Ƙasa da shi babu komai.

Wayata ta fara ruri a aljihu. Baƙuwar lamba ce, na san wani uban ne Injiniya ya ba shi. Na bar ta tana yi.

A kusurwar dama ta sama, inda ake sa kwanan wata, ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge, har takardar ta huje. Na ɗaga shafin sama. Ta cikin hujin ina hango ƙaramin teburin a baranda, da kujeru biyu.